In Sista Ba Ta Yarda Da Allura Ba, Wa Zai Miƙa Hannu?

A wani gidan suna a unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato, bayan an ci an sha ana hira, zance ya gangaro kan allurar riga-kafin sankarar bakin mahaifa da ake yi wa 'yan mata. Wata dattijuwa ta ajiye mafici ta ce, "Ni dai ba a taɓa min jika. Ko ta korona, Sistar unguwarmu da bakinta ta ce min ba ta yi ta ba, kati kawai tak karɓa. Su da ka aiki asibiti ai sun hi mu sani." Babu wadda ta ja da ita. Mata suka gyaɗa kai, aka shiga wani zancen.

Hujjar dattijuwar ce ta tsaya mini a rai. Ba ta jingina da malami ko saƙon WhatsApp ba, da ma'aikaciyar jinya ta jingina. Magana ɗaya da aka yi a zamanin korona tana nan da ranta, ga shi yau tana hana wata yarinya wata allurar daban da ba ta da alaƙa da korona ko kaɗan.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Ma'aikacin jinya, mace ko namiji, yana da haƙƙin ya yi shakka, ya yi tambaya, a zaunar da shi a ba shi amsa cikin mutunci. Amma ba shi da haƙƙin ya ɗauki shakkar da bai tantance ba ya riƙa raba wa jama'a yana sanye da farar riga. Hukumomin lafiya kuma sun tafka kuskure lokacin annoba: sun ɗauka duk wanda ke riƙe da sirinji ya riga ya gamsu, sai suka tsallake shi suka nufi gidajen rediyo da liƙa fastoci a bango.

Maganar nas ta fi sanarwar rediyo nauyi

Likita yakan zo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Nas ce ke kwana da majinyaci. Ita ke sa ruwa, ta wanke gyambo, ta karɓi haihuwa da asuba. In ta tashi aiki ta koma gida, ƙofarta ba ta rufuwa: wannan ta kawo yaro jikinsa da zafi, waccan ta kawo takardar gwaji a duba mata. A unguwanni da yawa na Sakkwato, balle ƙauyukan Tangaza ko Gada ko Silame, ma'aikacin jinya shi ne asibitin da mutane suka sani.

Irin wannan mutumin ba sai ya ce "kada ku yi" ba. Ya isa a tambaye shi ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "To, ni dai ban sani ba." Shi ke nan, gida guda ya fasa.

Jiharmu kuwa ba ta da rarar yarda da za ta yi asara. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Jihar Sakkwato ne suka samu zagaye na uku na allurar penta, wadda ke kare jarirai daga cututtuka biyar, adadi mafi ƙanƙanta a duk Najeriya. An ɗan matsa gaba tun daga lokacin, da wahala da jan hannu. Kowace kalmar shakka daga cikin asibiti tana mayar da mu baya.

Shakkar ba daga sama ta faɗo ba

Masu cewa jahilci ne ke damun waɗannan ma'aikata ba su yi musu adalci ba. Nas ɗin ɗan gari ne, ya taso yana jin abin da kowa ke ji.

Ya ji labarin Kano na 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun kurumce ko sun shanye. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba riga-kafi ba ne. Duk da haka wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka wayi gari ɗaya daga cikin allurorin korona na ɗauke da sunan Pfizer, bai kamata kowa ya yi mamakin ɗari-ɗarin mutanen Arewa ba.

Sannan ga abin da ma'aikacin ya gani da idonsa. Lokacin da korona ta shigo, ana biyansa naira 5,000 a wata a matsayin alawus na haɗari. A farkon annoba ma'aikatan lafiya a faɗin ƙasar nan sun yi ta kokawa kan ƙarancin takunkumi da safar hannu. A watan Oktoba na 2020 ya ga an fasa rumbuna a jihohi da dama an tarar da kayan tallafin korona jibge, talaka na kwana da yunwa. Bayan wata biyar sai aka zo aka ce masa, "Kai ne farko a layin allura, saboda ranka na da muhimmanci a gare mu." Dole ya ce a ransa, tun yaushe?

Na fahimci wannan fushin, kuma yana bisa gaskiya. Sai dai fushi da gwamnati ba gwajin magani ba ne. Wanda ya ƙi allura don an hana shi alawus bai hukunta kowa a Abuja ba. Ƙirjinsa ya bari a buɗe, shi da tsohuwar da ke gidansa mai hawan jini da ciwon suga.

"Mu ba mu ga korona a nan ba"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Allah Ya sauƙaƙa mana, ba mu ga abin da Italiya da Indiya da Amurka suka gani ba. Alƙaluman hukuma sun ce mutum dubu 3 da 'yan kai ne suka rasu a duk Najeriya. Nas ɗin da ke kallon zazzaɓin cizon sauro da tamowa da zubar jini bayan haihuwa suna ɗauke rayuka kullum a gabanta, dole ta ga kamar an fifita cutar masu kuɗi a kan cutar talaka.

Amma ma'aikacin asibiti ya fi kowa sanin yadda muke ƙidayar mamata. Mutum ya rasu a gida da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, babu gwaji, babu takarda. A Kano, tsakanin Afrilu da Mayu na 2020, masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da duniya. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, korona ce ajalinsa a watan Afrilun wannan shekarar. A nan Sakkwato ma an killace mutane a asibitin Amanawa, an kuma yi rashin dattawa.

Ko da cuta ta yi sauƙi a kasuwa, ba ta yi sauƙi a ɗakin majinyata ba, domin can duk mai tari da sarƙewar numfashi yake ƙarewa. Mu tuna Ebola a Legas a 2014: cikin waɗanda ta fara kashewa akwai Dokta Stella Adadevoh da ma'aikatan jinyar da suka kula da mutumin da ya shigo da ita. Zazzaɓin Lassa kuma kusan kowace shekara sai ya taɓa ma'aikatan lafiya.

"An yi gaggawar haɗa ta, kuma tana da illa"

A nan ne na fi ganin laifin hukuma, domin amsa tana nan, ba a dai kai ta inda ya kamata ba.

Gaskiya ne an samar da allurar cikin ƙasa da shekara guda. Sai dai ba daga kan komai aka fara ba. Masana sun daɗe suna nazarin dangin wannan ƙwayar cuta tun ɓullar cututtukan numfashi na SARS a 2002 da MERS a 2012. Fasahar da aka yi allurar Moderna da ta Pfizer da ita an shafe shekaru masu yawa ana aiki a kanta, har masana biyu, Katalin Karikó da Drew Weissman, suka samu kyautar Nobel a 2023 saboda ita. Abin da ya gajarta lokaci shi ne kuɗi da aka zuba ba ƙaƙƙautawa, da yawan masu cutar da ya sa gwaji ya ba da sakamako da wuri, da kuma fara sarrafa allurar tun kafin a kammala gwaji. Wannan bayani ne da duk wanda ya yi makarantar jinya zai gane cikin zama ɗaya. Nas nawa aka zaunar aka yi wa?

Allurar AstraZeneca ta iso Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, kusan guda miliyan 4, ta hanyar COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe allurar korona. Ranar 5 ga wata aka fara yi wa ma'aikatan lafiya a Babban Asibitin Ƙasa, washegari aka yi wa Shugaba Buhari da mataimakinsa a gaban kyamara. Cikin wannan watan dai wasu ƙasashen Turai suka dakatar da ita na ɗan lokaci saboda rahoton daskarewar jini. Labarin ya shiga wayar kowane nas kafin allurar ta kai wasu ƙananan hukumomi.

Kuma ba ƙarya ba ne. Hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar a watan Afrilu cewa akwai alaƙa, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, mutane ƙalilan cikin ɗimbin waɗanda aka yi wa, kuma ita korona kanta ta fi allurar haddasa daskarewar jini. Abin da ya dace a faɗa wa ma'aikaci ke nan: ga haɗarin, ga girmansa, ga alamominsa, ga abin da za ka yi in ka gan su. Maimakon haka, abin da ya fi yawa a kunnensa shi ne "ba ta da wata illa". Kada a taɓa faɗa wa nas haka. Ta san ko farasitamol yana da illa in an wuce ƙa'ida, ta ga wanda allurar penisilin ta kusa kashewa. Da zarar ka ce mata abu ba shi da illa ko ɗaya, ta gane ko ba ka sani ba ko kana ɓoye wani abu.

Haka batun lalacewar allura. A watan Disamba na 2021 an lalata allurar AstraZeneca sama da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare. Ƙasashe masu arziki sun riƙe ta sai da ta kusa lalacewa suka bayar. Mutane suka ce, ka ji, ragowa ake kawo mana. Zargin yana da tushe ta fuskar rashin adalcin rabo. Amma lalatawar da aka yi a bainar jama'a shaida ce cewa an ƙi yi wa mutane wadda ta lalace. Wannan ɓangaren na labarin bai zaga kamar na farkon ba.

Akwai wata gaskiyar da ya kamata masu goyon bayan allura su riƙa faɗa. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, musamman bayan ɓullar nau'in Omicron a ƙarshen 2021. Babban amfaninta rage tsanani ne da mutuwa. Da tun farko haka aka bayyana, da nas ɗin da ta ga abokiyar aikinta ta yi allura kuma ta kamu ba ta ce an yaudare su ba.

Tsoron da ba a faɗa a gaban oga

Da yawa daga cikin ma'aikatan jinya da unguwarzoma mata ne masu ƙuruciya: wata amarya ce, wata tana da ciki, wata tana goyo, wata ta shekara biyar da aure tana jiran rabo, dangin miji sun sa mata ido. Ka je ka ce wa wannan ta miƙa hannu a yi mata allurar da ake raɗe-raɗin tana hana haihuwa. Ba za ta yi musu a taro ba. Za ta ce tana mura, ko a bari sai mako mai zuwa. Wata ma ba ita ke da ta cewa ba, maigida ya riga ya ce a'a.

Tsoron ya ƙaru ne domin gwaje-gwajen farko ba su haɗa da masu ciki ba, don haka a watannin farko ba a iya ba su amsa kai tsaye ba. Daga baya bayanai suka taru daga mata masu ɗimbin yawa da aka yi wa allurar, ba a ga tana hana ɗaukar ciki ko ƙara ɓari ba. An ga wasu mata al'adarsu ta ɗan jinkirta na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Abin da aka tabbatar kuma shi ne korona ta fi tsanani ga mai ciki, tana iya jawo haihuwa kafin lokaci.

Wannan zargi na hana haihuwa tsoho ne. Shi ya sa wasu jihohin Arewa suka dakatar da riga-kafin shan-inna a 2003, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, cutar ta bazu ƙasashe da dama har Indonesiya. Yaran da aka ɗiga wa maganin a shekarun nan su ne iyaye a yau. Unguwarzomar da ke karɓar haihuwa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha ko a Asibitin Ƙwararru ta duba ɗakin haihuwa ta faɗa mana ko haihuwa ta ragu a Sakkwato.

Yana da kyau mu tuna yadda aka fita daga waccan matsalar. An kafa kwamitoci sun gwada maganin, an samo wani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, daga baya sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shiga gaba, malamai suka yi bayani. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. An saurari shakka ne aka amsa ta. Ma'aikaciyar jinya ma abin da take buƙata ke nan, daga bakin mace 'yar'uwarta da ta san aikin, a wurin da ba za a rubuta sunanta ba.

Ta fuskar addini ba na ganin akwai doguwar muhawara. Hadisin hana shiga ko fita garin da annoba ta sauka sananne ne, haka amsar Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Alhazanmu kuma shekara da shekaru suna miƙa hannu a yi musu ta sanƙarau da ta shawara kafin su hau jirgi.

"Jikina ne"

Na yarda, jikinki ne, Sista. Ba na goyon bayan a danne kowa a yi masa allura. Amma akwai abubuwa biyu da ba na jikinki kaɗai ba ne.

Na farko bakinki. In mai jego ta tambaye ki, ba ke kaɗai take tambaya ba, makarantar da kika yi da rantsuwar da kika ɗauka take tambaya. In kina da shakka, ki ce mata, "Bari in bincika in faɗa miki," ko ki haɗa ta da wanda ya sani. Wannan gaskiya ce kuma amana ce. Amma ki ja ta gefe ki raɗa mata "ni dai da ni ce ba zan yi ba", alhali ba ki karanta komai a kai ba sai saƙon murya da aka turo miki, wannan cin amanar aiki ne.

Na biyu kati. Karɓar katin allura ba tare da an yi ba, ko cika wa wani, ƙarya ce a rubuce. Ta ɓata alƙaluman da ake tsara aiki da su, ta kuma koya wa jama'a cewa takardar asibiti abin ciniki ce. Wanda ya ƙi allura a fili ya fi mai katin bogi mutunci a wurina, domin shi ana iya zama da shi a tattauna.

Shi ya sa nake ganin tilas ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Daga 1 ga Disamba, 2021, Gwamnatin Tarayya ta ce ma'aikatanta sai da shaidar allura ko ta gwaji za su shiga ofis. Irin wannan umarni yana cika rajista da sunaye, amma nas ɗin da ta miƙa hannu don tsoron albashinta takan koma unguwa da ƙorafi biyu maimakon ɗaya. Ga shi kuma ma'aikatan ba su ishe mu ba. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya da unguwarzoma ta ce a 2024 kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Jihar da rashin tsaro ya riga ya kori ma'aikata daga asibitocin gabashinta ba ta da waɗanda za ta kora saboda allura.

Kafin wata ta sake zuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu na 2023, amma sababbin allurai ba su daina zuwa ba. Ta sankarar bakin mahaifa ta fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar, kuma mu da muka ga abin da sanƙarau ta yi a Sakkwato da Zamfara a 2017 mun san darajarta. A Disamban 2024 aka fara ta zazzaɓin cizon sauro a maƙwabciyarmu Kebbi da Bayelsa. Duk waɗannan ta hannun nas za su bi.

Don haka kafin a kira 'yan jarida a yanke ƙyalle, a fara da asibiti. Horon da ake yi na yadda ake adana allura a firiji da cika fom bai isa ba. A ware zama a kowane sashe, lokacin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, inda ƙaramar nas za ta yi tambayar da ke cinta ba tare da an yi mata kallon mai taurin kai ba. Manyan sistoci da ake jin maganarsu su jagoranci zaman, da Hausa in ta kama, domin da Hausa za a je a yi wa uwar yaro bayani. A faɗi illolin da aka sani ɗaya bayan ɗaya. Wanda allura ta sa wa zazzaɓi a ba shi hutun kwana ɗaya, kada a sa shi aikin dare yana rawar sanyi. In wani ya kai rahoton matsala bayan allura, a dawo masa da sakamakon bincike, kada takardar ta tafi ta ɓace.

Ƙungiyar ma'aikatan jinya da unguwarzoma reshen jiha tana da rawar takawa a nan fiye da ma'aikatar lafiya, domin 'ya'yanta sun fi yarda da ita. Makarantun jinya na jiha da na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su koya wa ɗalibai yadda ake amsa wa uwa mai tsoro, da yadda ake gane ingantaccen bayani daga na bogi a waya.

Gwamnati kuma ta nuna kulawarta tun babu annoba. Allurar ciwon hanta nau'in B tana nan shekara da shekaru, kuma babu wanda ya fi buƙatarta kamar mai aiki da jini da tsinin allura kullum. A tabbatar kowane ɗalibin jinya ya kammala ta kyauta kafin ya taka ɗakin majinyata, kowane ma'aikaci a duba a cike masa. A wadata safar hannu da akwatin zubar da allura, a biya alawus a kan kari. Waɗannan ba sa jiran tallafin ƙasashen waje, kasafin jiha na shekara mai zuwa zai iya ɗaukar su.